Daga Ina Ruwan Nan Yake Fitowa?

Ruwan da ake tararwa kwance a ƙarƙashin firiji, ko yana bin bango daga na'urar sanyaya ɗaki, ba kullum yake nufin wani abu ya fashe ba. Kayan gida masu harka da ruwa iri biyu ne. Akwai waɗanda ake ba su ruwa ta bututu, irin su injin wanki da hitar banɗaki da tankin masai. Akwai kuma waɗanda babu mai zuba musu ko ɗigo, su da kansu suke tatso ruwa daga iska, wato firiji da AC. Na farkon in suka yi yoyo, galibi mahaɗa ce ta saki ko roba ta cinye. Na biyun kuwa dama aikinsu ne su tara ruwa, hanyar da aka tanadar masa ce kawai ta toshe.

Kafin a taɓa komai, a zare filogi daga soket da busasshen hannu, ƙafa kuma ba ta cikin ruwan. Ko an ɗauke wuta a zare, don ba ta sallama in za ta dawo. Daga nan a goge wurin tas, a shimfiɗa kwali ko tsohuwar jarida a ƙasa, a jira a ga inda ya fara jiƙa. Wannan ɗan haƙurin yana da amfani, saboda ruwa yakan bi jikin bututu ko gangaren siminti ya je ya taru nesa da inda ya fito.

Duk wanda ya taɓa ajiye kofin ruwan ƙanƙara a tsakar gida da damina ya ga yadda jikin kofin yake gumi. Ruwan ba daga cikin kofin ya ratso ba, laimar iska ce ta taɓa wuri mai sanyi ta koma ruwa. Abin da ke faruwa a cikin AC ke nan. Asali ma, na'urar da Willis Carrier ya ƙera a 1902 don wata maɗaba'a da ke Brooklyn a Amurka, an yi ta ne domin rage laimar da ke ɓata takarda, jin daɗin mutane daga baya ya biyo. Shi ya sa tiyon AC yake tsiyaya kamar famfo a watan Agusta, amma da hunturu da kyar ake ganin ɗigo a bakinsa. Ɗigon waje lafiya ce. Matsala ita ce in ruwan ya juyo cikin ɗaki.

Nan abin da za a fara duba shi ne tiyon. Dole ya yi gangare tun daga jikin na'urar har waje. In ya lanƙwashe, ko aka ɗaga bakinsa, ko aka tsoma shi cikin bokitin da ya cika, ruwan zai koma baya ya cika kwamin da ke ƙarƙashin na'urar ya malalo ta bango. Ƙurar hunturu da ta taru a ciki takan zama taɓo da zarar damina ta kama, zanzaro ma yakan yi ɗaki a bakin tiyon da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba. Sai kuma ragar tace ƙura da ke bayan murfin gaba. In ta cushe, iska ba ta ratsawa yadda ya kamata, sanyi ya yi yawa a wuri ɗaya har ƙanƙara ta kama, in ta narke kuma ta fi ƙarfin kwamin. Cire ragar a wanke ta da ruwa, a shanya a inuwa, aiki ne na 'yan mintuna. Idan an wanke ta amma ƙanƙarar ta ci gaba da kamawa, wataƙila gas ne ya ragu, wannan kuwa sai mai gyara. Kuma a tambaye shi ta ina gas ɗin ya fita, domin ba abu ne da ke ƙarewa don an yi amfani da shi ba. Ƙara gas ba tare da toshe ɓular ba, asarar kuɗi ce.

Firiji ma haka yake, sai dai shi ruwansa a ɓoye yake fita. Raɓar da ke taruwa a bangon ciki takan gangara zuwa wani ɗan rami a ƙasan bangon, ta bi tiyo zuwa faranti da ke kan kwampreso a baya, zafin kwampreson ya busar da ita. Ɓarɓashin abinci ko guntun ganyen alayyafo ya isa ya toshe ramin, sai a ga ruwa kwance a ƙarƙashin akwatin kayan miya. A ɗura ruwan ɗumi da sirinji har ya wuce. A gidajen da ake yawan ɗauke wuta kuwa, ƙanƙarar firiza ce take narkewa gaba ɗaya ta malalo, firijin bai yi laifin komai ba. In ƙanƙarar tana saurin taruwa, a gwada robar ƙofa: a maƙala takardar kuɗi a rufe a kanta, in ta zaro ba tare da wata turjiya ba, robar ta saki, iskar waje tana shiga. Abin da ba a yi shi ne farfasa ƙanƙara da wuƙa. Bututun gas yana nan dab da fatar bangon, suka ɗaya ta isa ta kashe firiji.

Injin wanki shi yakan faɗi ciwonsa ta lokacin da yake yoyon. In yana ɗibar ruwa ne, a duba mahaɗar tiyo da famfo, akwai 'yar roba zagayayya a ciki da takan bushe ta tsage. In yana tsakiyar wanki ne, sau da yawa garin sabulu ne ya yi yawa kumfa ta yi ambaliya, ko kwandala ko allurar ɗankwali ta huda robar ƙofa. In kuwa sai ya zo zubar da ruwa, tiyon fita ne ya zame ko magudanar ta toshe.

Famfo mai ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da ɗigo 86,400 a yini da kwana, abin da ya kai kimanin jarkar mai garuwa guda. Tankin masai ya fi shi ɓarna, don nasa yoyon ba ya jiƙa ƙasa balle a gani. A zuba ɗan bula a tankin, kada a ja ruwa, a dawo bayan minti 15. In shuɗi ya bayyana a cikin kwanon, robar gindin tankin ba ta rufewa.

Hita ce ɗigonta ya fi buƙatar tsoro da hankali. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, kusan kashi 2 cikin 100 kafin ya kai zafin da hita ke kai shi, saboda haka aka sa mata ɗan bawul da ke sakin rarar. Ɗigo kaɗan daga bawul ɗin lokacin da take dumama ruwa daidai ne. Wasu sukan ga haka su sa a toshe shi, alhali shi ne yake hana tankin fashewa. In ya dami mutane, a sa masa tiyo zuwa kwata, in kuma zubar ba ta tsayawa a canza shi da sabo. Amma idan ruwan daga jikin tankin yake fitowa, ga launin tsatsa yana bin bango, a kashe wutarta a rufe famfon da ke ba ta ruwa. Tankin da tsatsa ta huda daga ciki ba ya karɓar faci, sai dai a sauke hitar a ɗaura wata.