Daƙiƙa 73: yadda tabbacin manya ya halaka 'yan sama jannati bakwai

Da safiyar 28 ga Janairun 1986, sanyi ya tsananta a jihar Florida har ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiyar da kumbon Challenger yake tsaye. Yara 'yan makaranta a Amurka sun zuba wa talabijin ido, domin cikin mutum bakwai da za su tashi har da wata malamar makaranta, Christa McAuliffe. Daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse a sararin sama. Babu wanda ya tsira.

Abin takaicin shi ne an yi gargaɗi tun a daren jajibiri. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, sun ce zoben robar da ke toshe mahaɗar roka yana sandarewa cikin sanyi, kuma ba a taɓa tashi zoben yana ƙasa da digiri 12 ba. Roger Boisjoly na cikin waɗanda suka dage a dakata. Jami'an hukumar NASA suka ɓata rai. Ana cikin ja-in-ja, wani babba a kamfanin ya ce wa shugaban injiniyoyi ya tuɓe hular injiniya ya sa ta manaja. Aka sa hannu. Washegari aka tashi a wajen digiri 2.

Richard Feynman, masanin kimiyya mai lambar Nobel, yana cikin kwamitin bincike. Ya gano cewa injiniyoyi suna ƙiyasta haɗarin a kan ɗaya cikin 100, manyan jami'ai kuwa suna cewa ɗaya cikin 100,000. Wato ke nan a riƙa tashi kullum har kusan shekara 300 kafin a rasa kumbo ɗaya! A gaban kyamarori ya tsoma guntun robar cikin ruwan ƙanƙara, ya fito da ita a sandare, kowa ya gani da idonsa.

Waɗannan manya ba jahilai ba ne. Sau 24 kumbo ya je ya dawo lafiya, duk da an sha ganin robar ta ɗan ƙone. Duk lokacin da aka tsallake rijiya da baya, sai su ɗauke shi a matsayin shaidar gwaninta. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan ruɗin na yarda da kai fiye da kima. A binciken Ola Svenson na 1981, kashi 93 cikin 100 na direbobin Amurka da aka tambaya sun sa kansu cikin rabin da suka fi iya tuƙi. Ruɗin shugaba ya fi muni, don sau da yawa wannan tabbacin ne ya kai shi kujerar, kuma na ƙasa yana jin nauyin musa masa.

Akwai dabarar da masani Gary Klein ya kawo don rage wannan ruɗin: kafin a fara aiki, a ɗauka ya riga ya rushe, kowa ya rubuta abin da ya rusa shi. Ta haka mai shakka yake samun bakin magana ba tare da an ce ya yi wa maigida rashin kunya ba.

A Fabrairun 2003 kumbon Columbia ma ya tarwatse da mutum bakwai, saboda wata matsalar da aka saba gani ana kawar da kai. Zuwa 2011 da aka rufe shirin tashin irin waɗannan kumbo, an tashi sau 135, an rasa kumbo biyu da rai 14. Lissafin injiniyoyin ne ya fi kusa da gaskiya.