Gilashin Kyamara Mai Karkata da Gocewa: A Gefe Ake Gane Ingancinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin dogon bene ya ɗaga kyamara don ya ɗauki hotonsa, ya san abin da kan biyo baya: bangayen sai su tsuke ta sama, kamar ginin zai faɗi da baya. Ga mai otal ko dillalin gidaje da ke talla da hoto, wannan aibi ne mai rage wa haja kwarjini. Domin maganin haka aka ƙera wani gilashin kyamara na musamman mai iya gocewa da karkata.

Gocewa ita ce a bar kyamara tsaye daidai, a zame gilashin kaɗai zuwa sama, sai ƙololuwar gini ta shigo hoto, bangaye kuma su miƙe sak. Karkata kuwa ita ce a ɗan sunkuyar da gilashin, yadda kayan da aka shimfiɗa bisa tebur, kamar sarƙoƙi ko takalma, za su fito tar daga na kusa har na nesa. Wannan ƙa'ida tana ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya wanda ya yi rajistar dabararsa a 1904.

Kamfanin Canon na ƙasar Japan ya fitar da irin wannan gilashi a 1973, sa'an nan ya kawo jerin TS-E a 1991. A 2009 ya fito da masu milimita 17 da 24, a 2017 kuma masu milimita 50 da 90 da 135. Nikon ya kawo nasa mai milimita 19 a 2016, Fujifilm kuma ya shigo kasuwar da guda biyu a 2023.

To, ina ake gane inganci? Kowane gilashi yana jefa hoto ne a siffar da'ira. Farantin da ke karɓar hoto a cikakkiyar kyamara milimita 36 ne a kan 24, don haka da'ira mai faɗin milimita 43 ta wadatar da gilashi na yau da kullum. Amma na Canon mai milimita 24 na 2009 da'irarsa ta kai kimanin milimita 67, domin a samu sararin gocewa har milimita 12. Ke nan da zarar an goce, bakin da'irar ake aiki da shi, can kuwa raunin kowane gilashi yake ɓuya: dushewa, da duhu a kusurwa, da jirwayen launi a gefen taga, da lanƙwashewar layin da ya kamata ya miƙe.

Sababbin gilasan sun rage waɗannan aibobi ta hanyar sassaƙa ta musamman, da gilashi mai hana launuka tarwatsewa, da shafe mai rage ƙyalli. Dole ce ta sa haka, domin kyamarori masu ɗigon hoto miliyan 50 zuwa 100 suna tona aibin da fim ke rufewa a da.

Sai dai abin ba araha. Kowane ɗaya daga cikin ukun da Canon ya fitar a 2017 ya shiga kasuwar Amurka a kan dala 2,199. Bugu da ƙari, da hannu ake saita su, kuma aikin yana son marikin kyamara mai ƙafa uku da haƙuri. Gaskiya ne kwamfuta tana iya miƙar da bango, amma takan ja hoton ne ta datse gefensa, ingancinsa ya ragu. Ga ƙaramin hoton intanet wannan ya isa. Ga babban allon talla ko kundin kaya, bambancin yakan fito fili.

Saboda haka, mai niyyar saye kada ya tsaya ga sunan kamfani. Ya goce gilashin har iyakarsa, ya tsuke ƙofar haske zuwa lamba 8 ko 11, ya ɗauki bangon bulo, sa'an nan ya faɗaɗa kusurwoyin hoton a kwamfuta kafin ya biya. Wanda kuma aikin bai cika zo masa ba, haya ko ɗaukar ƙwararre zai fi masa sauƙi. Gani dai ya kori ji.