Ƙa'idar Tashi a Tseren Ruwa: Daga Bindigar Argungu zuwa Ƙidayar Ƙananan Jiragen Rimot

Tsakure

Wannan muƙala ta yi bayanin ƙa'idojin da ke tsara farkon tsere a kan ruwa. An ɗora bayanin a kan misalai biyu: buɗe gasar kamun kifi ta Argungu a Jihar Kebbi, da tseren ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska waɗanda ake sarrafawa da rimot daga bakin gaɓa. Muƙalar ta nuna cewa akwai tashi iri biyu, wato tashi daga tsaye da tashi a kan tafiya, kuma kowanne na da irin dokar da ta dace da shi. Daga ƙarshe an kawo abin da masu shirya tseren kwalekwale za su iya tsinta, tare da wasu kalmomin Hausa da za su ɗauki ma'anonin.

Fitilun kalmomi: tsere, tashi, Argungu, kwalekwale, jirgin rimot

1.0 Gabatarwa

Duk gasar da ake auna ta da sauri tana da matsala guda tun daga tushe: yaya za a tabbatar cewa kowa ya fara a lokaci ɗaya, daga wuri ɗaya? Idan aka kuskure wannan, sakamakon da zai biyo baya ba zai gamsar da kowa ba, domin wanda ya sha kaye zai ce an riga shi tashi ne. A kan tudu abin da sauƙi, tunda ana iya ja layi a ƙasa a ce kowa ya tsaya a bayansa. Ruwa kuwa ba ya karɓar zane, kuma abin da ke kansa ba ya tsayawa cak. Wannan matsala ta shafi duk inda kwalekwale yake cikin rayuwar jama'a, kamar fadamun Jahun da Miga da Auyo a Jihar Jigawa, inda ruwan Kogin Haɗeja kan malala da damina.

Kowace ƙa'idar tashi tana amsa tambayoyi huɗu: wa ke ba da izini, da wace alama, daga wane wuri, kuma mene ne hukuncin wanda ya riga malam masallaci. Da waɗannan tambayoyi za a auna misalan biyu.

2.0 Tashi Daga Tsaye: Misalin Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu ya samu siffarsa ta yanzu a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya kamun kifi domin karrama shi da kuma tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ake gado. Tushensa kuwa ya girmi 1934, domin Kabawa sun daɗe suna yin gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe ruwan da aka hana su a cikinsa na tsawon lokaci.

A nan ne ƙa'idar tashi ta samo nauyinta. Kogin Matan Fada a rufe yake ga masunta har zuwa ranar gasa, kuma kula da shi yana hannun Sarkin Ruwa. Saboda haka alamar tashi tana yin aiki biyu: tana buɗe gasa, tana kuma ɗage hani. A ranar, dubban masunta kan jeru a bayan gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa. Da an harba bindiga sai su kwasa da gudu su faɗa ruwa, su yi kimanin awa ɗaya suna su, wanda ya kamo kifi mafi nauyi shi ne gwani.

Ko da yake a ruwa ake gasar, tashin na tudu ne. Mai gasa yana tsaye a kan ƙafarsa, kuma alama ɗaya ce tak. Wannan tsari yana da rauni biyu. Na farko, mai jira bai san daƙiƙar da bindiga za ta tashi ba, don haka hankalinsa yana kan motsin na kusa da shi. Idan mutum ɗaya ya zabura, ɗari za su bi shi, kuma mayar da taro irin wannan baya abu ne mai wuyar gaske. Na biyu, sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, ke nan wanda ke nesa da bindiga da wannan tazara zai ji ta bayan cikar daƙiƙa guda. A kamun kifi na awa ɗaya wannan ba wani abu ba ne. A gajeren tsere kuwa yana iya raba na ɗaya da na biyar.

3.0 Tashi a Kan Tafiya: Misalin Jiragen Rimot

Tseren jiragen rimot wasa ne da ƙungiyoyi ke yi a tafkuna a ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Amurka da Ostareliya. Jirgin ba shi da injin da ke tura shi. Iska ce ke buga ƙyallen da aka ɗaura a sandarsa, shi kuma mai shi yana tsaye a gaɓa da rimot yana juya akalarsa, yana jan ƙyallen ko sassauta shi. Ɗaya daga cikin sanannun ajujuwan wasan shi ne na jirage masu tsawon mita ɗaya. Dokokinsu suna cikin kundin dokokin tseren jiragen iska na hukumar World Sailing, wanda ake sabuntawa duk shekara huɗu, a wani sashe da ake kira Rataye na E.

3.1 Layi da Lokaci

Layin tashi ba a ganinsa da ido. Tazara ce tsakanin alamomi biyu da ke yawo a kan ruwa, an ɗaure su a ƙasa. Tunda jirgi ba ya iya tsayawa, ba a ce masa ya tsaya ba. An bar shi ya yi ta kai da kawo a bayan layi, an kuma sanar da shi lokaci dalla-dalla. Ana ba da alamar gargaɗi saura minti biyu, alamar shiri saura minti ɗaya, sannan alamar tashi. A cikin mintin ƙarshe ana sanarwa duk bayan daƙiƙa 10, a daƙiƙu 10 na ƙarshe kuma ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. A manyan jirage masu ɗaukar mutane gargaɗin yakan zo ne saura minti biyar, amma ƙaramin jirgi a ƙaramin tafki ba ya buƙatar haka.

Wannan ƙidaya ta sauya abin da ake gwadawa. A tashi daga tsaye, saurin jin alama ne gwaninta. A nan kuwa gwaninta ita ce lissafi: mutum ya auna nisan jirginsa da layi, ya auna ƙarfin iska, ya iso layin da cikakken gudu daidai lokacin da aka ce a tashi. Wanda ya iso da wuri dole ya rage gudu ko ya kauce, sai waɗanda ke bayansa su wuce shi, sauri ya haifi nawa.

3.2 Wa Zai Kauce wa Wa

Da yake kowa na neman wuri mai kyau a kan layi ɗaya, doka ta fayyace mai haƙƙin hanya. Idan jirage biyu suka haɗu, iska na bugun ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, wanda take bugu daga hagu shi zai kauce. Idan ta gefe ɗaya take bugun su kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi zai kauce. Haka kuma, jirgin da ya zo ya cusa kai tsakanin alamar layi da wani jirgi a daidai lokacin tashi ba shi da ikon neman a buɗa masa. Hukunci a kan saɓa waɗannan dokoki yana farawa ne daga alamar shiri, kuma wanda ya saɓa yakan wanke kansa ta hanyar fita gefe ya yi juyi guda cikakke.

3.3 Hukuncin Wanda Ya Riga Alama

Idan wani ɓangare na gangar jirgi ya ƙetare layi kafin alamar tashi, alƙali zai kira lambar da ke jikin ƙyallensa da babbar murya. Wajibi ne jirgin ya koma bayan layi gaba ɗayansa ya sake tashi, kuma a hanyarsa ta komawa shi ne zai kauce wa sauran. Idan masu laifi sun yi yawa har aka kasa tantance su, sai a yi ƙara mai ƙarfi sau biyu a soke tashin, a sake ƙidaya. Idan abin ya ci gaba, akwai dokar baƙar tuta: duk jirgin da ya shiga gaban layi a cikin mintin ƙarshe an fitar da shi daga wannan zagaye, kuma dole ya bar filin nan take.

Hukuncin yana hawa ne mataki-mataki, saɓanin na wasannin guje-guje, inda tun 2010 kuskure ɗaya ya isa a kori ɗan wasa. Wannan doka ce ta fitar da Usain Bolt daga tseren ƙarshe na mita 100 a gasar duniya da aka yi a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011. Dalilin bambancin a fili yake: mai gudu shi ke da ikon ƙafarsa, jirgi kuwa iska da igiyar ruwa suna iya tura shi ba da son mai shi ba.

4.0 Darasi ga Tseren Kwalekwale

Cikin wasannin Kabanci da ake yi a Argungu akwai tseren kwalekwale, tare da ninƙaya da nutso da kamun agwagwa. Kwalekwale a kan ruwa mai gudu ya fi kama da jirgin rimot fiye da masunci a gaɓa, domin ruwa na jan sa ko matuƙi bai taɓa shi ba. Duk mai shirya irin wannan tsere, a Matan Fada ne ko a Kogin Haɗeja, yana iya ɗaukar abu uku. Na ɗaya, a kafa layi da alamu biyu, ko da goruna ne aka ɗaure da dutse, alƙali ya tsaya daidai saitinsu. Na biyu, a ƙirga lokaci a fili da ganga ko lasifika, maimakon harbi ɗaya na ba-zata. Na uku, a ba kowane kwalekwale lamba, a kuma sanar da hukunci tun kafin a shiga ruwa. Amfanin wannan ya wuce adalci kawai, domin cunkoson farkon tsere shi ne lokacin da kwalekwale ya fi saurin karo da kifewa.

Ta fuskar harshe, Hausa ba ta rasa abin da za ta kira waɗannan abubuwa ba. Ana iya cewa layin tashi, alamar gargaɗi, alamar shiri, satar tashi ga wanda ya riga alama, kiran mutum ɗaya, da kiran gayya idan an soke tashin kowa. Shawara ce da ke buƙatar a gwada ta a bakin masunta da matuƙa, domin su ne za su tabbatar da wadda ta zauna.

5.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa yanayin wurin tashi shi ke haifar da dokar tashi. Inda mai gasa ke iya tsayawa, kamar a gaɓar Matan Fada, alama ɗaya daga mai iko tana wadatarwa. Inda ruwa ko iska ke motsa shi, ana buƙatar layi mai alamu, ƙidaya a fili, dokar kaucewa, da hukunci mai matakai. Akwai buƙatar manazarta su tattara yadda matuƙan Kebbi da na Jigawa ke tsara tashin tserensu da kalmomin da suke amfani da su, tun dattawan da suka san su suna raye.