Shiri na Musamman: Sabuwar Gwiwa a Gida Take Warkewa

Yau shirin namu ya leƙa Ojo ta Legas, inda 'yan uwanmu suka daɗe suna neman halaliyarsu a kasuwar Alaba Rago, kuma batunmu shi ne tiyatar sauya gwiwa da jinyar da ke biyo bayanta.

Tsakanin ƙasusuwan gwiwa akwai guringuntsi mai hana su gugar juna. Idan shekaru ko ƙiba ko tsohon rauni suka cinye shi, sai ka ga dattijo sai ya dafa bango kafin ya tashi daga tabarma. Idan magani da gashin ƙashi sun gaza, likita yakan kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Ana yin wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Igbobi nan Legas, da na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2019 ya gano cewa kusan 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna nan suna aiki bayan shekara 25. Sai dai aikin likita na awa ɗaya zuwa biyu ne, na majinyaci da iyalinsa kuwa watanni ne, wani har shekara. Saboda haka wanda ya haɗa kuɗin tiyata bai shirya gidansa ba, rabin shiri ya yi.

Shirin yana farawa daga jiki. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai shan taba ya ajiye, mai ruɓaɓɓen haƙori ko gyambo a ƙafa ya yi magani tukuna, domin ƙwayar cuta idan ta laƙe a jikin ƙarfe, fitar da ita sai an sha wuya, wani lokaci sai an sake yanka. Daga nan sai ɗaki. A yawancin gidajen hayarmu katifa a ƙasa take, masai na tsugunno ne, banɗaki kuma na kowa da kowa a ƙarshen zaure, daɓensa kullum a jiƙe. Sabuwar gwiwa ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan a makonnin farko. A nemi gado mai ɗan tsayi, da kujera mai hannu, da kujerar bahaya mai rami. Wanda ɗakinsa ke bene ya roƙi musanya da na ƙasa, a kuma san mai sayar da ƙanƙara mafi kusa, saboda kumburi ba ya jiran a kawo wuta.

Wani zai ce ai mara lafiya hutu yake buƙata, kuma al'adarmu ke nan: a shimfiɗa masa, a kai masa ruwa har baki, 'yan dubiya suna ta sannu. Niyyar mai kyau ce, amma a nan kwanciyar ita ce cutar. A asibiti ma ranar aikin ko washegari ake tayar da mutum ya taka da sanda. Gwiwar da ba a lanƙwasa ta kullum, naman tabo yakan ɗaure ta ta sandare, ƙafar da ba ta motsi kuma jini yakan daskare a jijiyarta. Don haka gata na gaskiya shi ne ɗan da zai tsaya kan Baba ya yi atisayen da masu gashi suka koya masa, ko da yana cije baki. Idan sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo ciwon yana fitar da ruwa, a nufi asibiti nan take.

Wani kuma zai ce a sallamo majinyacin ya tafi gida Arewa, can akwai masu jinya. Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita dubu, kuma dogon zama a mota da ƙafa a naɗe yana cikin abin da ke jawo daskarewar jini. Wanda ya san masu kula da shi suna Kano, ya fi masa ya nemi a yi aikin a Dala tun farko.

Saura batun sallah, wadda ita ce damuwar dattawa da yawa. Gaskiya ne durƙuso yakan yi wa mutane da dama wuya bayan wannan aiki. Amma hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya ba wanda ya kasa tsayuwa damar yin sallah a zaune, kuma malamin unguwa zai nuna masa yadda zai yi ruku'u da sujada a kan kujera.

To jama'a, kafin a sa ranar tiyata, a zauna a gida a raba aiki: wa zai kwana da majinyacin, wa zai riƙa kai shi gashi duk da cunkoson hanyar Badagry. A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, a huta lafiya.