Gaskiya ko Jita-jita: Tsohuwar Jaguar E-Type, Masu Ita da Masu Gyaranta

Duk wanda ya taɓa zama da dillalan mota ya san cewa tsohuwar mota da labarinta take shiga kasuwa. A Ingila kuwa, inda ake gwanjon tsofaffin motocin gudu a kan ɗaruruwan dubban fam, sau da yawa labarin yakan fi ƙarfen kansa tsada. Cikin motocin da aka fi jibga wa labari akwai Jaguar E-Type, mai dogon hanci da ƙaramin mazauni, wadda aka ƙera a birnin Coventry daga 1961 zuwa 1974, guda sama da 72,000, akasarinsu kuma Amurka aka kai su. Zan riƙe guda ɗaya a cikinsu, mai lamba 9600 HP, in riƙa auna maganganun da ita, domin tarihinta a rubuce yake, kuma an tone shi ciki da waje.

Maganar da aka fi yaɗawa ita ce wai duk E-Type da ta fito daga masana'anta tana gudun mil 150 a awa, wato kimanin kilomita 240. A 1961 wannan adadi ya girgiza mutane, ganin cewa kuɗin motar mai rufi fam 2,196 ne har da haraji, alhali motocin Ferrari da Aston Martin masu irin wannan gudu sun ninka haka. Adadin ba ƙage ba ne. Mujallar Autocar ta ɗauki 9600 HP ɗin nan ta kai ta Beljiyam, ta auna, ta samu mil 150 da ɗoriya kaɗan. Mujallar The Motor ta gwada 'yar'uwarta marar rufi, mai lamba 77 RW, a Italiya, ta samu mil 149. Sai dai motocin da aka miƙa wa 'yan jarida an yi musu gata. An zauna an tace injinsu da hannu, an saka musu tayoyin tsere na Dunlop, ita 9600 HP ma an cire mata wasu ƙarafan ado na gaba masu tare iska, an maye wasu gilasanta da roba marar nauyi. Mutumin da ya je shago ya biya kuɗinsa, motar da ya samu takan tsaya ne a wajajen mil 140. Haka ma ƙarfin doki 265 da kamfanin ya rubuta wa injin mai lita 3.8: an auna shi ne da injin tsirara a kan benci, ba tare da kayan da ke cin ƙarfinsa a cikin mota ba. Saboda haka maganar rabinta gaskiya ce. Ni dai ban ga abin da ya rage wa motar daraja ba a nan, don mil 140 a kan titunan 1961 ba wasan yara ba ne.

Ana kuma cewa 9600 HP ita ce E-Type ta farko, ita ce aka girke a dandalin baje kolin motoci na Geneva. Wannan kuskure ne mai tushe. Kafin ta akwai motar gwaji E1A ta 1957, wadda kamfanin ya farfasa da kansa, da E2A da ta yi tseren Le Mans a 1960. Motar da ta tsaya a cikin zauren baje kolin a watan Maris na 1961 wata ce daban, mai lambar shasi 885005. Aikin 9600 HP a waje yake: ɗaukar 'yan jarida da manyan baƙi ana zagayawa da su. Abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne tafiyar da Bob Berry, jami'in hulɗa da jama'a na Jaguar, ya yi da ita cikin dare daga Coventry, ya tsallaka teku a jirgin fito, ya iso Geneva saura kamar minti 20 a buɗe taro. Da layin masu son ɗanawa ya yi tsawo, sai mai kamfanin, Sir William Lyons, ya sa aka kira direban gwaji Norman Dewis, shi ma ya kwana yana tuƙo 77 RW.

Daga bakin Dewis ɗin nan ne aka fi jin labarin cewa Enzo Ferrari, mai kamfanin Ferrari, ya kira E-Type motar da ta fi kowace kyau a duniya. Ya sha ba da labarin har zuwa rasuwarsa a 2019 yana da shekara 98, kuma mutum ne da ya halarci baje kolin na Geneva. Amma shaidar mutum ɗaya ce da aka ji bayan shekaru, kuma a matsayin haka ya kamata a riƙe ta. Abin da ke da takarda shi ne gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya saka E-Type cikin kayansa a 1996.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Mutane da yawa sun ɗauka cewa takardar rajistar mota a Birtaniya, wadda ake kira V5C, ita ce shaidar mallaka, kuma in tana hannu to tarihin mota ya kammala. Takardar da kanta ta ƙaryata haka, domin an buga a jikinta cewa ita ba hujjar mallaka ba ce. Abin da take nunawa shi ne wanda motar ke hannunsa, wanda hukuma za ta nema in maganar haraji ko laifin hanya ta taso. A zamanin E-Type ma ƙaramin kati ne mai naɗewa, ƙananan hukumomi ke buga masa hatimi. Da aka mayar da rajista cikin kwamfuta a birnin Swansea a shekarun 1970, tsofaffin katuna da yawa sun ɓace, motocin da ke ajiye ba a hawa kuma da dama ba su shiga sabon tsarin ba. Shi ya sa masu bincike ke haɗa tarihin mota da tarkacen takardu: rasit ɗin makaniki, takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, tsofaffin hotuna, tallan sayarwa a mujalla, wasiƙun da mai ita ya rubuta wa kamfani yana ƙorafi.

Da irin wannan aiki aka san hannayen da 9600 HP ta bi. Bayan kamfanin ya gama morar ta, a 1962 ta koma hannun John Paddy Carstairs, mai shirya finafinai, daga baya ta shiga hannun direban tsere Jack Fairman. Ta ci gaba da sauya hannu tana tsufa, har marubucin tarihin motoci Philip Porter ya saye ta a 1977, lokacin da tsohuwar E-Type ba ta da wata kima a kasuwa. Ta shafe fiye da shekara 20 a ajiye a wurinsa kafin kamfanin Classic Motor Cars da ke garin Bridgnorth ya farfaɗo da ita, Porter kuma ya rubuta littafi guda a kanta a 2000. Abin lura shi ne babu giɓi a wannan silsila. An san inda take a kowane zango, kuma wannan ne ya sa ba a gardama a kanta.

Sai maganar lambobi. E-Type tana da lambar shasi, da ta inji, da ta bodi, da ta akwatin giya, kuma gidauniyar Jaguar Daimler Heritage Trust tana ba da takardar shaida daga ainihin rajistar masana'anta: ranar da aka ƙera mota, launinta, lambobinta, dillalin da aka tura wa. Lambar shasin kanta tana magana. A jerin farko, 850 marar rufi ce mai sitiyari a dama, 860 mai rufi mai sitiyari a dama, 875 da 885 kuma takwarorinsu ne masu sitiyari a hagu. Idan aka nuna maka mota mai sitiyari a dama amma lambarta ta fara da 875, ka san an juya ta ne, wataƙila bayan an dawo da ita daga Amurka. Jita-jitar ita ce wai takardar shaidar gidauniyar ta gama magana. Ba ta gama ba. Tana gaya maka abin da ya fita daga ƙofar masana'anta a rana kaza, amma ba ta rantse cewa ƙarfen da ke gabanka shi ne wancan ba. Farantin lamba ana sayar da sabonsa babu rubutu, lamba kuma ana iya buga ta a jikin wani injin. Sai an sa ido a kan siffar haruffan, da alamun goge ƙarfe, da ranar da aka zuba a jikin gangar injin. Agogon mil ma haka: gurbi biyar gare shi, yana kaiwa 99,999 ya koma sifili, don haka mil 30,000 na iya zama 130,000.

Akwai masu ganin motar da aka tsinta a rumbu bayan shekara 30, ƙura ta lulluɓe ta, ai tsintuwa ce, wanka da sabon batir kawai take jira. Wanda ya san yadda aka gina E-Type ba zai faɗi haka ba. Daga gilashin gaba zuwa baya, bodin ne da kansa ke ɗauke da nauyin motar, babu wani katafaren shasi a ƙarƙashi. A gaba ne kawai aka ɗaura siraran bututun ƙarfe masu riƙe inji. Masana'antun wancan zamani ba su damu da kare ƙarfe daga tsatsa ba, ga damshin Ingila, ga gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. Tsatsa takan fara daga ciki, a dogayen akwatunan ƙarfe da ke ƙarƙashin ƙofofi da kuma daɓen motar, fenti yana sheƙi a waje ciki kuwa ya zama gari. Su bututun gaban nan, idan suka tsage, ƙwararru ba sa yarda a yi musu walda, sai dai a canza. Birkin baya kuma an cusa shi ne can ciki kusa da tsakiyar gatari, har babban aiki a kansa kan sa a sauke duk kayan ƙafar baya gaba ɗaya. Amfanin motar rumbu guda ɗaya ne, kuma babba ne: ba a taɓa ta ba, don haka tana nuna yadda masana'anta ta yi abinta, ba wani mai gyaran ganin dama da ya rufe ɓarna da ciko.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce wadda ake yankewa da gaggawa: wai da zarar an canza wa mota manyan sassa, ta tashi daga zama ita. Wannan magana ta je gaban alƙali. A 1990, babbar kotu a Landan ta saurari ƙarar da Edward Hubbard ya shigar a kan kamfanin Middlebridge Scimitar, wanda ya yi cinikin wata Bentley da ake kira Old Number One a kan fam miliyan 10, sannan ya ja da baya yana cewa ba ita ba ce. Motar ta ci tseren Le Mans a 1929 da 1930. Bayan haka an sake gina ta da wani shasi da wani inji, ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands a 1932 inda direbanta Clive Dunfee ya rasu, aka kuma sake gina ta. Cikin shaidu har da Walter Hassan, makanikin da ya yi wancan aikin da hannunsa, wanda daga baya ya shiga cikin masu ƙera injunan Jaguar. Alƙali Otton ya yarda cewa kaɗan ne ya rage na ƙarfen 1929, amma ya yanke cewa motar ita ce Old Number One, saboda tarihinta bai taɓa yankewa ba: kowane canji a kanta aka yi shi, kuma babu wata mota da ke da hujjar da'awar sunan. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Gidan gado na ƙasa ana masa yaɓe duk shekara, ana sauya azara, wani ɗakin ya faɗi a tayar, amma gidan wane ne har gobe, muddin unguwa ta shaida ba a taɓa tashinsa ba.

Ina ganin hukuncin daidai ne, amma bai kamata ya zama lasisin zubar da tsohon ƙarfe ba. Gyara mafi sauƙi shi ne a sayo sabon bodi a ɗora tsohuwar lamba, kuma da yawa haka suke yi. Gyara na mutunci ya fi haka wuya. Misalinsa shi ne E-Type ta tsere mai bodin alminiyam wadda Peter Lindner, dillalin Jaguar a Jamus, ya rasu a cikinta a filin Montlhéry na Faransa a 1964. Motar ta murɗe har aka ce ba ta gyaruwa, aka gina ta da wani bodin, aka ajiye murɗaɗɗen a gefe. Bayan shekara 40 da ɗoriya, masu gyaran Bridgnorth suka kwance tsohon bodin gunduwa-gunduwa, suka miƙe kowane yanki, suka sake haɗawa. Aikin ya ci awa kusan 7,000, sun ceto kusan kashi 90 cikin ɗari na ainihin ƙarfen, aka nuna ta a 2011.

Wannan adadin awoyi shi ne amsar masu cewa gyaran tsohuwar mota hanyar kuɗi ce. Ko E-Type ta gama-gari, cikakken gyaranta aikin dubban awoyi ne na masu bugun bodi, da masu fenti, da masu ɗinkin fata, da masu inji, kuma kuɗin aiki ba ya duba ko motar mai suna ce ko marar suna. Da Jaguar da kanta ta fara sayar da E-Type da ta gyara a 2017, farashin ya fara ne daga fam 285,000. Riba takan faɗa wa wanda ya saya da arha tun da daɗewa, ko wanda motarsa ke da tarihin da babu irinsa.

Lamba ita kaɗai kuwa ba ta haifar da wannan tarihi. A 1963 Jaguar ta ware lambobin shasi 18 don irin motar Lindner, amma 12 kawai ta ƙera. A 2014 ta sanar da cewa za ta cike shidan da suka rage, ta gina su sababbi fil, ta buga musu lambobin da aka ware tun 1963, ta sayar da kowace a kan fam miliyan ɗaya da wani abu. Kamfanin bai ɓoye wa masu saye komai ba, kuma a takardun gwanjo ana rubuta su daban da 12 na asali.