Tambayar Amurka a fom ɗin banki: Wa ta shafa a Karaye da Rogo?

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Rogo ko Karaye ya je banki buɗe babban asusu, da wuya bai ci karo da wata tambaya a can ƙarshen fom ba: shin kai ɗan ƙasar Amurka ne, ko kana biyan haraji a wata ƙasa?

Manomin rake ko masuncin dam ɗin Challawa bai ɓata lokaci a kanta. Ya ce a'a, ma'aikaci ya ja layi, a wuce gaba.

Amma akwai mutane ƙalilan da amsarsu ta gaskiya ita ce e, kuma wasunsu ba su ma san haka ba.

A shekarun 1970 da 1980 gwamnatoci sun tura ɗalibai da malamai da dama daga Arewa ƙaro karatu a Amurka. Wasu sun tafi da matansu, aka haihu a can, aka dawo gida da goyo. Bisa gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1868, kusan duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, ko da wata uku kawai ya yi a cikinta. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma bai hana wanda ya gaji zama ɗan Najeriya riƙe ƙasa biyu ba.

Ke nan mutum zai iya tashi a Karaye, ya yi makarantar allo da ta boko a nan, ya yi aure, ya aurar, alhali a takarda Ba'amurke ne.

Me ya haɗa bankin Najeriya da Amurka?

Amurka na cikin ƙasashe ƙalilan, irin su Eritiriya, da ke bin ɗan ƙasa haraji duk inda yake zaune a duniya. A watan Maris na 2010, zamanin Barack Obama, ta kafa dokar da ake kira FATCA, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Yulin 2014.

Dokar ta ce bankunan ƙasashen waje su tantance kwastomominsu Amurkawa, su kai rahoton asusunsu ga hukumar harajin Amurka, IRS. Bankin da ya ƙi, za a riƙa zaftare kashi 30 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da ke shigo masa daga Amurka. Babu bankin da ke hulɗa da dala da zai so wannan asara, shi ya sa tambayar ta shiga fom ɗin da ake miƙa wa kowa, har da wanda bai taɓa wuce Gwarzo ba.

A Turai lamarin ya fi zafi. Bankuna da yawa sun ga wahalar ta fi ribar, suka daina karɓar Amurkawa, wasu ma suka rufe asusun tsofaffin kwastomomi. A Faransa har ƙungiya waɗanda suka tsinci kansu Amurkawa ba da saninsu ba suka kafa. Tsohon Firaministan Birtaniya Boris Johnson, wanda aka haifa a birnin New York a 1964, sai da Amurka ta bi shi haraji kan gidan da ya sayar a Landan. A 2016 ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasar.

Takardun gida

Kafin a zo kan Amurka, akwai sharuɗɗan Najeriya. Na farko lambar BVN mai lambobi 11, wadda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, sai lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Tun 2013 CBN ya kasa asusun ajiya mataki uku. Ƙaramin mataki shi ne irin wanda ake buɗewa ta waya a OPay ko Moniepoint, kuma shi ya fi yawa a garuruwan da mai POS ya zama bankin unguwa. Sai dai yana da iyakar kuɗin da zai ɗauka. Babban mataki na buƙatar BVN da NIN duka, da katin shaida, da tabbacin adireshi.

Adireshin nan shi ne inda mutumin ƙauye ke shan wahala. Gida babu lamba, takardar kuɗin wuta kuma da sunan kakan da ya rasu tuntuni.

Wanda har yanzu yake waje yana shirin dawowa ya samu sauƙi. A Mayun 2025 CBN ya buɗe hanyar da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje za su samu BVN ta intanet ba sai sun zo ba. Ba'amurken da ba shi da jini a Najeriya kuwa, kamar matar aure ko ma'aikacin wata ƙungiya, sai ya nuna fasfo da takardar izinin zama ta hukumar shige da fice.

Idan mutum ya amsa cewa shi Ba'amurke ne, banki kan nemi ya cike fom ɗin W-9, ya rubuta lambarsa ta biyan haraji a Amurka. Wanda aka dawo da shi yana jariri galibi ba shi da ita. Ɓoyewa kuma ba mafita ba ce, domin fasfon Najeriya na ɗauke da wurin haihuwa, kuma wannan na cikin alamomin da aka umarci bankuna su duba.

Dala 10,000 ba ta da nisa

Buɗe asusun bai kawo ƙarshen magana ba. Duk Ba'amurken da jimillar kuɗin asusansa na waje ta haura dala 10,000, ko da na kwana ɗaya ne a shekara, dole ya kai rahoto ga Baitulmalin Amurka ta fom ɗin FBAR.

A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, naira miliyan 15 ke nan. Kuɗin gona guda ne, ko na masarar da ɗan kasuwa ya saya ya tara a kaka.

Abin da ya fi kama mutane shi ne, ba sai kuɗin ya zama nasa ba. Ikon sa hannu kawai ya isa. A garuruwa irin Karaye da Rogo kuwa, ɗan boko mai amana shi ake ɗora wa ma'ajin ƙungiyar ci gaban gari, ko kwamitin ginin masallaci, ko riƙon kuɗin gado kafin a raba. Idan shi ne wanda aka haifa a Amurka, asusun jama'a ya shiga lissafinsa ke nan. Tarar rashin kai rahoton, ko da bisa rashin sani ne, na iya haura dala 10,000.

Wannan ba ya nufin IRS za ta kwashe kuɗin kowa. Rahoto daban, haraji daban. Dokar ta yafe harajin abin da mazaunin waje ya samu da guminsa har dala 126,500 a shekarar 2024, adadin da albashin malami ko ma'aikacin ƙaramar hukuma bai ko kusa da shi ba. Yafiyar dai ba ta zuwa da kanta, sai an cike takardu an nema, kuma masu sanin wannan aiki ba a kowace kusurwa ake samunsu a Kano ba.

Wanda ya ga ɗawainiyar ta yi yawa yana iya bin sahun Boris Johnson. Ita ma wannan hanya ta taɓa yin tsada sosai: a 2014 Amurka ta ɗaga kuɗin ajiye shaidar zama ɗan ƙasa daga dala 450 zuwa 2,350. Ba a kuma yin ta ta waya ko ta wakili. Sai mutum ya je da ƙafarsa gaban jami'in diflomasiyya, ofisoshin Amurka a Najeriya kuwa biyu ne, ɗaya a Abuja, ɗaya a Legas.