Layi Guda Na Umarni Da Kan Toshe Hanyar Intanet

Ran Litinin 12 ga watan Nuwamba na shekarar 2018, da daddare bisa agogon Nijeriya, mutane da dama a Amurka da waɗansu ƙasashe suka nemi shiga ayyukan kamfanin Google amma abin ya faskara. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar cewa saƙonnin da ya kamata su nufi Google kai tsaye sun saki hanya, suna ratsawa ta Rasha zuwa ƙasar Sin, inda suke maƙalewa. Nan da nan raɗe-raɗi ya bazu cewa aikin 'yan leƙen asiri ne. Ashe tushen al'amarin yana nan gida, a Legas. Kashegari kamfanin MainOne, wanda ya shimfiɗo wayar ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa ƙasar nan cikin 2010, ya fito fili ya ce kuskure aka yi wajen saita na'urorinsa yayin wani aikin gyara, kuma an warware matsalar cikin minti 74.

Waya ba ta tsinke ba, gobara ba ta tashi ba. Rubutu ne aka shigar cikin na'ura ba daidai ba. To, wane irin rubutu ne wannan, su wane ne ke yin sa, kuma don me kuskure ƙanƙane a cikinsa kan girgiza duniya haka? Abin da za mu duba ke nan a wannan mako.

RAUTA DA SUWIC

Duk saƙon da mutum ya aika ta intanet, ko na murya ne, ko hoto, ko kuwa kuɗin da ya tura daga banki, akan daddatsa shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Na'urori iri biyu ne ke ɗawainiyar isar da su. Ta farko ita ce suwic, watau wani akwati mai jerin ramuka, galibi 24 ko 48, inda ake cusa wayoyin kwamfutocin ma'aikata guda. Aikinta kamar na masinjan ofis ne, wanda ya san teburin kowa, yana ɗaukar takarda daga wannan ɗaki ya miƙa wancan. Ta biyu kuwa ita ce rauta, wadda ke haɗa ma'aikatar da sauran duniya. Ita aikinta ya fi kama da na mai rarraba wasiƙu a gidan waya: ba ruwansa da sanin mai wasiƙa, iyakarsa ya duba adireshi ya san wannan buhun Kano za ta shiga, waccan kuwa na Fatakwal.

Kamfanin da ya fi suna wajen ƙera waɗannan na'urori shi ne Cisco, wanda Leonard Bosack da Sandy Lerner, ma'aikatan Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa cikin watan Disamba na 1984. Akwai kuma Juniper ta Amurka da MikroTik ta Latbiya, waɗanda aka kafa cikin 1996, sai Huawei ta ƙasar Sin. Kowane kamfani da irin karin harshen da na'urorinsa ke ji, amma wanda ya ƙware a ɗaya ba ya shan wuyar gane sauran, kamar dai Bakano ne ya sauka Sakkwato.

YADDA AKE MAGANA DA NA'URAR

Sabuwar rauta idan ta fito daga kwali ba ta san kowa ba, ba ta kuwa san hanyar ko'ina ba. Ba ta da allon kallo, ba ta da madannai. Ma'aikaci kan ɗauko wata waya ta musamman ya haɗa ta da ƙaramar kwamfutarsa, ya buɗe manhaja irin PuTTY, sai wani baƙin allo ya bayyana, babu hoto babu ado, sai sunan na'urar da wata 'yar alama tana jiran a rubuta abin da ake so. Wannan shi ake kira layin umarni: ka rubuta magana, ka danna, na'ura ta aikata.

A na'urorin Cisco, shiga hawa-hawa ce, kamar shiga fada. Da fari mutum yana zaure ne, alamar da zai gani ita ce >, kuma iyakarsa kallo. In ya rubuta "enable" ya ba da kalmar sirri, alamar ta koma #, ya sami ikon duba kome da kome. In kuma ya rubuta "configure terminal", to, ya shiga turaka, inda duk abin da ya rubuta zai sāke halin na'urar.

Alal misali, idan ana so a buɗe ƙofa ɗaya ta rauta don kwamfutocin ofis, layi uku ne. Da farko a ambaci sunan ƙofar: "interface GigabitEthernet0/1". Sa'an nan a ba ta adireshi: "ip address 192.168.1.1 255.255.255.0". Na uku a rubuta "no shutdown", watau a cire mata sakata, domin ƙofofin rauta ta Cisco a rufe suke zuwa daga masana'anta. Ɗalibai da yawa sukan manta wannan layi na uku, su yini suna canza waya suna zargin na'ura, alhali ƙofa ce ba su buɗe ba. Wanda ya manta wani umarni kuwa, alamar tambaya kawai zai danna, na'urar ta jero masa kalmomin da za su iya biyowa.

Mai karatu zai iya cewa, a wannan zamani da ake taɓa hoto da yatsa abu ya faru, me ya sa ake ta fama da baƙin allo? Dalilan a fili suke. Rubutu ana iya adana shi, a kwatanta na jiya da na yau a ga abin da ya sauya. Ana iya aika rubutu guda ga na'ura ɗari a lokaci ɗaya. Bugu da ƙari, ranar da hanyar sadarwa ta mutu gaba ɗaya, wannan wayar da baƙin allon su ne kaɗai ƙofar da ta rage.

MAGANA ZARAR BUNU

Haɗarin aikin yana wurare uku. Na farko, a tsarin Cisco da aka fi sani, umarni yana fara aiki ne a daidai lokacin da aka danna shi. Na'ura ba ta cewa "ka tabbata?" a yawancin lokuta. Ga misali da duk wani tsohon hannu ya sani. A cikin suwic guda ana iya raba kwamfutoci rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, ta yadda na sashen kuɗi ba za su cuɗanya da na ɗakin baƙi ba. VLAN ake kiran wannan rabo. Idan ana so a ƙara rukuni na 30 a kan babbar wayar da ta haɗa suwic biyu, sai a rubuta "switchport trunk allowed vlan add 30". Amma in aka tsallake kalmar nan "add", ma'anar ta juye ke nan: a kori dukan sauran rukunoni, a bar na 30 kaɗai. Haruffa uku ke nan, amma rashinsu ya isa ya tsai da aikin bene guda cikin ƙiftawar ido.

Na biyu, na'urar tana da ma'aji biyu. Abin da ka rubuta yanzu yana zaune ne a ma'ajin wucin gadi, wanda kan goge da zarar wuta ta ɗauke. Sai an rubuta "copy running-config startup-config" kafin ya koma ma'aji na dindindin. A ƙasa irin tamu, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, wanda ya manta wannan layi zai iya yin aikin sa'a biyar, injin janareta ya yi tari sau ɗaya, na'ura ta farka ba ta tuna kome ba.

Na uku, yawancin aikin daga nesa ake yin sa. Mutum yana zaune a Legas yana gyara rautar da ke Maiduguri, kuma ta cikin ita wannan rautar maganarsa ke bi. In ya yi kuskure ya rufe ƙofar da ya shigo ta ciki, ya kulle kansa a waje ke nan, sai dai a tashi wani ya tafi da ƙafarsa. Saboda haka masu hankali kan fara da rubuta "reload in 10", watau na'urar ta kashe kanta ta sake tashi bayan minti goma da tsohon tsarinta, in ba a soke umarnin ba. Na'urorin Juniper suna da dabara irin wannan da ake kira "commit confirmed": in mai gyara bai dawo ya tabbatar ba cikin minti goma, sai su koma yadda suke da.

Akwai kuma batun tsaro. Tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, wadda ake kira Telnet, tana aika kalmar sirri a fili, duk mai laɓe a hanya zai karanta. Cikin 1995 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH, wadda ke lulluɓe maganar. Ma'aikatar da har yanzu ke shiga na'urorinta ta Telnet, ko ta bar kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kanti, ta bar gidanta a buɗe ne.

IDAN KUSKURE YA ƘETARE IYAKA

Duk abin da muka ambata ɓarna ce ta cikin gida. Ta yaya kuskuren Legas ya kai Amurka? Manyan rautoci na kamfanonin sadarwa suna gaya wa juna hanyoyin da suka sani ta wata ƙa'ida mai suna BGP, wadda Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM suka zana cikin 1989 a kan takardun goge baki lokacin da suke cin abinci. An gina ƙa'idar bisa amana: in maƙwabci ya ce "hanyar wuri kaza ta gidana take", sai a yarda, sai fa in an sa matata mai tace abin da ya faɗa. MainOne tana musayar saƙonni da Google a cibiyar haɗuwar intanet ta Nijeriya da ke Legas. Hanyoyin Google da ta koya a can na amfanin abokan cinikinta ne, amma da matatar ta sami tangarɗa sai suka zube wa kamfanin China Telecom, shi kuma ya yarda ya sanar da wasu.

Ba a kan Nijeriya aka fara ba. Cikin watan Fabrairu na 2008, hukumomin Pakistan sun ba da umarnin toshe YouTube a cikin ƙasarsu, amma ran 24 ga watan sanarwar da rautar Pakistan Telecom ta yi ta tsallaka waje ta wani kamfanin Hong Kong, YouTube ya ɓace wa yawancin duniya na kimanin sa'a biyu. Haka kuma ran 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan sa'a shida. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa umarni guda ne aka bayar lokacin aikin duba lafiyar hanyoyinsa, ya yanke dukan cibiyoyinsa daga juna, manhajar da aka tanada don tare irin wannan kuskure kuwa ita ma tana da lahani. Hanyar gyara daga nesa ta mutu tare da sauran, dole aka tura injiniyoyi su shiga ɗakunan na'urorin da kansu. 'Yan kasuwarmu masu ciniki ta WhatsApp ba su manta da yammacin ranar ba.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Yau bankuna, da masu POS na bakin titi, da asibitoci, da jarrabawar JAMB wadda ta koma ta kwamfuta ɗungurum tun 2015, duk sun rataya ne a wuyan waɗannan akwatuna da mutanen da ke rubuta musu umarni. Ga matasanmu, ƙofar koyo a buɗe take. Cisco tana ba da manhajar Packet Tracer kyauta ga wanda ya yi rajista da makarantarta ta intanet, kuma da ita mutum zai haɗa rautoci da suwic na gwaji a cikin kwamfutarsa, ya ɓata ya gyara ba tare da ya cuci kowa ba. Daga nan sai ya nemi takardar shaida irin CCNA. Amma a tuna, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Haddace umarni ba shi ne ƙwarewa ba, sai mutum ya san abin da zai faru in ya danna, da yadda zai koma baya in abu ya ɓaci.

Ga shugabannin ma'aikatu kuwa, ba sai sun iya karanta baƙin allo ba kafin su yi tambayoyi huɗu. Shin akwai kwafin tsarin kowace na'ura a ajiye a wani wuri dabam? Shin wani na biyu yakan karanta umarni kafin a danna shi? Shin ana yin manyan canje-canje ne da dare, lokacin da jama'a suka tashi daga aiki? Kuma in mutum ɗaya da ya san kalmar sirri ya bar aiki gobe, wa zai shiga? Ma'aikatar da ba ta da amsar waɗannan, ta nemo ta tun yau, domin rigakafi ya fi magani, kuma ranar da allo ya yi shiru ba ranar fara tambaya ba ce.